Sarki Ya Zama Kura a Garkensa: Maƙwabci Yana da Iznin Shiga da Takobi?

Darasinmu na wannan fitowa yana bukatar a buɗe Littafi Mai Tsarki a wurare biyu lokaci ɗaya. A sa yatsa ɗaya a Romawa 13:1-7, ɗayan kuma a Karin Magana 24:10-12. A wuri na fari Manzo Bulus yana koya mana cewa daga wurin Allah mahukunta suka sami ikonsu, an kuwa ba su takobi ne domin su hukunta masu aikata mugunta. A wuri na biyu an umarce mu mu kuɓutar da waɗanda ake shirin hallakawa, an kuma gargaɗe mu cewa fakewa da rashin sani ba zai karɓu a gaban Allah ba. Muddin mai mulki yana kare talakawansa, nassosin nan biyu ba sa karo da juna. Wahalar takan taso ne sa'ad da mai riƙe da takobin shi ne mai hallaka jama'ar. A irin wannan hali, ko ya halatta wata ƙasa ta ƙetare iyaka da sojojinta, ta ƙwace takobin daga hannunsa?

Tambayar ba ta amsuwa da kyau in an bar ta a iska. Saboda haka za mu auna ta da abin da ya faru a wata ƙasa ta Afirka, inda Ikkilisiya ta zubar da jini, inda kuma maƙwabci ya shiga da yaƙi.

Yuganda a hannun Idi Amin

Janar Idi Amin ya hamɓarar da gwamnatin Milton Obote a ranar 25 ga Janairu 1971, mutane da yawa kuwa suka fito titunan Kampala da murna. Murnar ba ta daɗe ba. Tun a shekarar fari aka soma karkashe sojoji 'yan ƙabilun Acholi da Langi a cikin barikoki, bisa zargin suna goyon bayan Obote. A 1972 ya ba Indiyawa da sauran 'yan Asiya mazauna ƙasar kwana 90 su tattara su fita, aka raba shagunansu ga na hannun damansa. A shekarar ce aka shiga har cikin babbar kotu aka tafi da Babban Alƙalin ƙasa, Benedicto Kiwanuka, ba a sake ganinsa ba. Ba wanda ya san adadin waɗanda suka hallaka a shekara takwas na mulkin nan, amma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan 300,000. A cikinsu akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai ministocin Amin da kansa.

A farkon Fabrairu 1977, shekarar da Ikkilisiyar Angilikan ta Yuganda take shirin bikin cika shekara 100 da zuwan bishara, Akbishop Janani Luwum da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin wasiƙa suna ƙorafi a kan kisan gilla da ɓacewar mutane. A ranar 16 ga watan aka tara manyan ƙasa a Kampala, aka baje makamai a gabansu, aka zargi Akbishop da haɗa baki da Obote. Washegari gwamnati ta ba da sanarwa cewa shi da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi, sun mutu a haɗarin mota. Ba wanda ya gaskata. Harbe su aka yi. A yau siffar Luwum tana tsaye a jikin majami'ar Westminster a Landan tare da shahidan ƙarni na 20, ranar 16 ga Fabrairu kuma ranar hutu ce a Yuganda.

To, me maƙwabta suka yi a duk shekarun nan? Yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963 ta hana ƙasa tsoma baki cikin harkokin cikin gida na 'yar'uwarta. Kada mu yi saurin raina wannan doka. Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka jiya-jiya sun san cewa Bature ma da sunan kawo wayewa da hana cinikin bayi ya shigo, ya zauna shekara da shekaru. Amma dokar da aka kafa domin ta kare raunana daga masu ƙarfi sai ta zama labule, azzalumai suna yanka a bayansa. A Yuli 1975 aka yi taron ƙolin ƙungiyar a Kampala, Amin ya zama shugabanta na shekara guda. (Manyanmu za su tuna cewa a wurin taron nan ne labari ya iske Janar Yakubu Gowon cewa an yi masa juyin mulki a Legas.) Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya ƙi halarta. Hujjar gwamnatinsa ita ce, Afirka ba ta da bakin la'antar farar fata masu kisan baƙaƙe a kudancin nahiyar, in tana yin shiru sa'ad da baƙin shugaba yake kisan nasa mutane.

Duk da haka, kisan 'yan Yuganda bai sa ko soja ɗaya ya ƙetare iyaka ba. Amin ne da kansa ya tono wa kansa. A Oktoba 1978 sojojinsa suka afka yankin Kagera na Tanzaniya, suka kashe fararen hula, suka kwashi ganima, shi kuwa ya ce yankin ya zama nasa. Tanzaniya ta kore su. Daga nan Nyerere ya yanke shawarar da har yau ake gardama a kanta: bai tsaya a iyaka ba. A Janairu 1979 sojojinsa suka shiga Yuganda, tare da 'yan ƙasar masu gudun hijira da suka ɗauki makami. Mu'ammar Gaddafi ya aiko wa Amin da sojoji daga Libiya, aka ci su a Lukaya a watan Maris. Kampala ta faɗi ranar 11 ga Afrilu 1979. Amin ya gudu Libiya, daga can ya koma Saudiyya, inda ya mutu a Jidda a 2003 ba tare da ya tsaya gaban wata kotu ba.

A taron ƙolin da aka yi a Monrobiya a Yuli 1979, shugaban Sudan Ja'afar Nimeiri da shugaban Nijeriya na lokacin, Janar Olusegun Obasanjo, suka soki Tanzaniya, suna tsoron kada wannan ya buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Mu 'yan Nijeriya muna da dalilin fahimtar wannan tsoro, domin Nyereren nan ne ya fara amincewa da Biyafara a 1968, da hujjar tausayin waɗanda ake kashewa, a lokacin da gwamnatin tarayya take ganin yaƙin al'amarin cikin gida ne. Tsoma baki yana da daɗin faɗa in gidan wani ake nufi.

Da labarin ya ƙare da faɗuwar Kampala, da darasinmu ya yi sauƙi. Yusufu Lule, wanda taron 'yan adawa a garin Moshi ya zaɓa ya jagorance su, kwana 68 kawai ya yi a kan mulki. Godfrey Binaisa da ya gaje shi bai cika shekara ba. Zaɓen Disamba 1980 ya komo da Obote a cikin zargin maguɗi, Yoweri Museveni ya shiga daji da bindiga a Fabrairu 1981. A yammacin Nilu, yankin da Amin ya fito, sojojin sabuwar gwamnati suka huce fushinsu a kan talakawan da laifinsu kawai shi ne ƙabilarsu. A Yuni 1981 suka kashe mutanen da suka fake a mishan na Katolika a Ombaci, kusa da Arua, jama'a masu ɗimbin yawa suka tsere Sudan da Zayar. A yankin Luwero kuma an yi kisan da wasu masana suke kwatanta yawansa da na zamanin Amin. Sojojin Tanzaniya sun janye a 1981, yaƙin kuwa ya ci wa ƙasarsu kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 500. Kura ta fita, amma garken bai huta ba sai bayan wasu shekaru masu ɗaci.

Abin da annabawa suka gani

Abu na fari da Nassi ya tabbatar shi ne, iyakar ƙasa ba ta ɓoye kowa daga shari'ar Allah. A karanta Amos sura 1 da 2. Makiyayin nan na Tekowa ya jera al'ummai ɗaya bayan ɗaya, Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, yana yanke musu hukunci saboda ta'asar da suka yi wa 'yan Adam: sayar da gari guda zuwa bauta, farke cikin mata masu juna biyu, ƙone ƙasusuwan matacce. Waɗannan al'ummai ba su karɓi Dokokin Musa ba, duk da haka an tuhume su. Ikon da Romawa 13 ta ba mai mulki iko ne na bawa, an ba shi domin alherin jama'a. Wanda ya juya takobin a kan marasa laifi ya ci amanar wanda ya ba shi.

Amma annabi Habakuk ya ƙara mana wani abu mai nauyi, a nan ne kuma nake so iyaye su tsaya su yi tunani sosai. Ya yi kuka ga Allah saboda zalunci ya cika Yahuza, shari'a ta mutu. Amsar da ya samu ita ce, Allah yana tayar da Kaldiyawa, wato rundunar wata ƙasa, su zo su hukunta azzaluman. Da a ce shigowar sojojin waje albishir ne tsantsa, da annabin ya yi rawa. Sai ma ya firgita. Ya ga cewa masu zuwa hukuncin sun fi waɗanda za a hukunta mugunta, tarunsu kuma ba ya bambanta mai laifi da marar laifi. Sura ta 2 cike take da kaito a kan Kaldiyawan da kansu. Haka nan a Ishaya 10, an kira Assuriya sandar hukunci a hannun Allah, amma annabin ya bayyana cewa nufin zuciyar sarkinta dabam ne, hallakarwa da ganima yake nema, shi ma kuwa hukunci yana jiransa. Allah yana iya amfani da rundunar waje ya sauke azzalumi. Wannan bai wanke rundunar ba.

Misali guda mai tsabta da muke da shi yana cikin Farawa 14. Abram ya ji an kama Lutu, ya ɗauki mutanen gidansa 318, ya bi sarakunan, ya ƙwato kamammu. Da sarkin Saduma ya ce ya riƙe dukiyar, ya ƙi karɓar kome domin kansa. Ya je ceto, ya yi ceto, ya koma gida hannu wofi. Ƙasashe nawa ne a tarihi suka ƙetare iyaka suka komo haka?

Ma'aunin da Ikkilisiya ta gada

Masu bi ba su taɓa zama baki ɗaya a kan yaƙi ba. Akwai ikkilisiyoyin salama, kamar Menonayit da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda suka gaji koyarwar cewa almajirin Almasihu ba ya ɗaukar makami. 'Yan'uwan nan sun biya wannan shaida da tsada a hannun Boko Haram, ba mai raina ta sai wanda bai san tarihinsu ba. Mafi yawan Ikkilisiya kuwa ta bi Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430 sa'ad da abokan gaba suke kewaye da birninsa. A ganinsa ƙaunar maƙwabci tana iya tilasta wa mai mulki ya kare marar ƙarfi da ƙarfi, amma da baƙin ciki a zuciya. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya tsara sharuɗɗa uku: hukuma ta halal ce za ta ba da umarni, dalilin ya zama na adalci, nufin zuciya kuma ya zama daidai. Malaman baya suka ƙara cewa sai an gwada dukan hanyoyin lumana, sai akwai begen nasara, kuma kada ɓarnar yaƙin ta fi ɓarnar da ake so a hana. Ubangijinmu ma ya yi maganar sarkin da yake zama ya yi lissafi kafin ya fita yaƙi, a Luka 14:31.

A lura, muguntar mai mulki sharaɗi ɗaya kaɗai take cikawa, wato dalili. Sauran suna nan suna jiran amsa. In muka ɗora Tanzaniya a ma'aunin nan, tana da nauyi ƙwarai. An fara kai mata hari, ba ta riƙe ko taƙi ɗaya na ƙasar Yuganda ba, 'yan ƙasar da yawa kuma sun karɓi sojojinta da farin ciki. Ni dai ban ga yadda Kirista zai ce gara a bar Amin ya ci gaba ba. Amma akwai tabo. An rushe garuruwan Masaka da Mbarara, ramuwar abin da aka yi a Kagera, ramuwa kuwa ba ta cikin aikin mai ceto. Tabo mafi girma shi ne, an shirya yadda za a fitar da Amin fiye da yadda aka shirya abin da zai zauna a gurbinsa. Misalin Yesu a Matiyu 12:43-45, na gidan da aka share aka bar shi ba kowa har mugayen ruhohi suka dawo da yawa, a kan zuciyar mutum da tsarar zamaninsa yake magana, amma duk wanda ya karanta tarihin Yuganda na 1979 zuwa 1986 zai tuna da shi.

Kuskure biyu da duniya ta yi daga baya

Na fari ya faru a Ruwanda a 1994. Akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, kwamandansu Janar Romeo Dallaire kuma ya aika da gargaɗi tun watan Janairu. Da kisan ya ɓarke a Afrilu, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa mutum 270. A cikin kwana 100 aka kashe kusan mutum 800,000, mafi yawansu Tutsi, da yawa a cikin majami'u kamar na Ntarama da Nyamata, inda suka gudu neman mafaka. A nan ba mai iya cewa bai sani ba. Kunyar Ruwanda tana cikin abin da ya sa dokar da ta kafa Tarayyar Afirka a 2000 ta ba tarayyar ikon shiga ƙasa mamba in ana kisan ƙare dangi, ko laifuffukan yaƙi, ko laifuffukan cin zarafin bil Adama. A 2005 shugabannin duniya suka amince cewa kowace gwamnati tana da alhakin kare mutanenta daga irin waɗannan, in ta kāsa ƙarara kuwa alhakin ya koma kan sauran ƙasashe ta hannun Kwamitin Sulhu.

Na biyu kishiyar na fari ne. Saddam Husaini azzalumi ne na gaske. A 1988 ya sa aka watsa iskar guba a garin Halabja, dubban Kurdawa suka mutu, manyan ƙasashe kuwa ba su ɗaga masa yatsa ba a lokacin. Bayan shekara 15, a 2003, Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi ba tare da sahalewar Kwamitin Sulhu ba, da hujjar makaman ƙare dangi waɗanda ba a taɓa samu ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu da Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya sun yi gargaɗi, ba a saurara ba. Kiristocin Iraƙi, waɗanda ikkilisiyoyinsu suke can tun ƙarnukan farko, ana ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya kafin yaƙin. Mafi yawansu sun bar ƙasar. An sace Akbishop Paulos Faraj Rahho na Mosul a 2008, aka tsinci gawarsa, a 2014 kuma mayaƙan Da'ish suka kori sauran masu bi daga birnin.

Libiya ta bi sawu a 2011. Ƙuduri mai lamba 1973, wanda Nijeriya ta jefa wa ƙuri'ar amincewa, ya ba da izni a kare fararen hula. Jiragen NATO suka ci gaba har gwamnati ta faɗi, aka kashe Gaddafi a Oktoba. Rumbunan makamansa suka fashe, bindigogi suka bi Hamada zuwa Mali da sauran ƙasashen Sahel. A 2016 Barack Obama ya amsa cewa rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne mai yiwuwa kuskurensa mafi muni a mulki.

Daga waɗannan duka, ga inda na tsaya. Gwamnatin da take ɗaure 'yan jarida, tana murɗe zaɓe, tana azabtar da 'yan adawa, ta yi zunubi, ya kamata kuma a tsawata mata da babbar murya, a hana ta makamai, a riƙe dukiyar shugabanninta, a karɓi waɗanda suka gudo daga hannunta. Amma yaƙi a kanta zai binne mutane fiye da waɗanda zai fitar daga kurkuku. In kuwa ana yanka jama'a yau-yau, dubbai a kan dubbai, gwamnatin kuma ita ce mai yankan, to, mai ikon hanawa da ya naɗe hannu ya yi tarayya cikin jinin. Ko a nan ma, gara a shiga da yardar ƙasashe da yawa da a shiga bisa ra'ayin ƙasa ɗaya, domin mai ƙarfi ba ya rasa sunan kirki da zai raɗa wa kwaɗayinsa. Wanda ya shiga kuma ya ɗauki alhakin mutanen har su tsaya da ƙafafunsu, haɗe da ƙabilar azzalumin da aka kora.

Tambayar nan ta ƙwanƙwasa ƙofarmu a Nuwamba 2025, sa'ad da shugaban Amurka Donald Trump ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a Nijeriya saboda kisan Kirista. Wanda ya binne 'ya'yansa a kabari ɗaya, ya yi kuka shekara da shekaru ba mai ji, ba za a ga laifinsa ba in zuciyarsa ta yi sanyi da jin wani babba ya ambaci ciwonsa. Amma ma'aunin da muka auna Tanzaniya da shi, da shi za mu auna kowa. Gwamnatin da take kisa da hannunta dabam take da wadda ta kāsa tsare mutanenta, ko da yake dukansu za su ba da lissafi. Taimakon da aka nema aka kuma yarda da iyakarsa dabam yake da mamaya. Masu kashe mutane a ƙasar nan suna kashe Musulmi ma. Mai jefa bom daga sama yakan koma gida da yamma, mu ne za mu wayi gari a kasuwa ɗaya da maƙwabtanmu.

A lokacin sujadar iyali na wannan mako, a karanta Habakuk sura 1 da 2 a zaune ɗaya, a bar matasa su fara magana. A tambaye su: da suna cikin majami'ar Kampala a Fabrairu 1977, me za su roƙi Nyerere ya yi? Sa'an nan a sāke tambayarsu, da suna cikin waɗanda suka fake a Ombaci a Yuni 1981, me za su ce ya bari bai yi ba?